Rabin Takardar Sefa

Rumfata ce ta uku daga mahauta,
a kasuwar Gamawa, bayan masu igiya.
Kanwa nake sayarwa, ungurnu da ja,
shekara goma sha bakwai, har tafina ya tsage.

Kiyari ke kawo mini.
Ba kwalta yake bi ba.
Yana da wata hanya tsakanin gonar gero da tsohuwar rijiya,
inda ƙasarsu ke ƙarewa ba sallama,
tamu ta fara ba maraba.
Na taɓa tambayarsa, wai ina iyakar take?
Ya ce, "Inda mai kaki ya tsaya ran nan, to nan take."

Hausarsa rabi ce, ni Mangancina bai wuce gaisuwa ba,
amma lissafinmu bai taɓa neman tafinta ba.
Ya sauke buhu, in ɗaga in ji nauyi,
in gutsura in sa a harshe.
Ya koma da masara, da ashana, da takalman roba,
da maganin tari na tsohuwarsa,
kwalba biyu, kullum sai ya tuna.

Zuwansa na ƙarshe, buhu tara ya sauke.
Kasuwa ta kwanta, aljihuna wayam.
Bai yi fushi ba.
Ya zaro takardar jaka guda ta sefa,
ya yaga ta biyu a kan gwiwarsa,
ya miƙo mini rabi, ya cusa rabi a hula.
"Wanda ya zo da ɗan'uwan wannan, shi za ka ba."

Sati uku bayan nan aka rufe iyaka.
A rediyon mai shayi na ji.

Kanwar ta tafi inda kanwa ke tafiya:
kunun masu jego, tukunyar wake, lasar shanu.
Kuɗin suka taru a gwangwani ƙarƙashin gado,
ina kallon naira tana narkewa
kamar an bar ungurnu a bakin indararo.
Sai na sayi tumaki biyu da sunansa,
na tsaga musu kunnen hagu don kar su ɓace a nawa.

Ba zan ɓoye ba,
daminar da katangata ta faɗi
na kama igiyar babbar har ƙofar gida.
Na tsaya. Ta kalle ni tana tuƙa.
Na mayar da ita turke,
na kewaye gidan da zana.

Damina biyu ta wuce.
Rannan da hantsi, ina kora ƙuda,
wani yaro ya jingine babur jikin rumfata.
Hular kansa ta yi masa yawa,
ta sauko har kan gira.
Na gane hular kafin ya buɗe baki,
don haka ban tambayi lafiyar mai ita ba.

Ya ce sunansa Mele.
Ya cire ta, ya warware ɗinkin ciki da haƙori.
Muka shimfiɗa rabi da rabi a kan faifai,
yagar ta haɗu baki da baki,
lamba ta cika.
Muka yi shiru, mahauta na ta sara a bayanmu.

Na kai shi gida, na nuna masa garke.
Bakwai ne yanzu, ɗaya da ciki.
Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
ya ce, "Baba buhu tara ya faɗa mini, bai ce tumaki ba."
Na ce, "Ba shi ya faɗa ba, amma nasa ne.
Yaya za ka ƙetare da su?"
Ya ce, "Tunkiya ba ta da takarda.
Na san rijiyar."

Da zai tafi na miƙa masa rabin nawa,
ko mai canji zai liƙa ya karɓa.
Ya tura hannuna baya.
"Riƙe, Baba Talle.
Buhu nawa kake so bayan girbi?"